Tsawon Sandar Fatsa: Bakin Ruwa Ke Yanke Hukunci

Da yawa daga cikin masu fatsa suna ɗauka cewa doguwar sanda ce ke kawo babban kifi. Ba haka abin yake ba. Nauyin kifi aikin zare ne da ƙugiya. Tsawon sanda kuwa, wurin da mutum zai tsaya ya jefa shi ke yanke shi.

A duba rafukan da ke gangarowa daga duwatsun Kagoro, irin wanda ke kwarara a Matsirga, kusa da Kafanchan. Ruwa ne matsattse, ga duwatsu, ga rassan itatuwa sun sunkuyo kansa. Wanda ya shiga nan da gora mai mita 4, kafin ya ankara zarensa ya sarƙe a reshe. Sanda mai mita 1.5 zuwa 2 ta wadatar, domin da ita ake iya ajiye tana daidai gindin dutse ko ƙarƙashin saiwa, inda tarwaɗa da kurungu ke laɓewa.

A buɗaɗɗen ruwa, kamar madatsar Gurara da ke ba Abuja ruwa, lissafin ya sha bamban. Karfasa kifi ce mai tsoro. Da ta ga inuwar mutum sai ta ja baya. Dole ƙugiya ta faɗa nesa da gaɓa. In sandar gora ce ko gwangwala wadda ake ɗaura wa zare a baki, iyakar isarta ita ce tsawonta haɗe da na zaren, don haka ake son mai mita 3 zuwa 4. Kada zaren ya zarce sandar sosai, in ba haka ba ko ka ɗaga hannu har sama kifin yana cikin ruwa.

Sandunan kanti masu keken naɗe zare ba sa buƙatar wannan tsawo, tunda keken ne ke sakin zare. A Amurka, masu kamun kifin bass da kaya marasa nauyi sukan yi amfani da sanda mai ƙafa 5 zuwa 7, wato mita 1.5 zuwa 2.1, da siririn zare da ke ɗaukar kilo 1 zuwa 3. Gajeriyar ta rafi mai sarƙaƙiya ce, doguwar ta tafki. Mai kuɗin guda ɗaya tak, ya nemi ta tsakiya, wajen mita 1.8.

Kowane tsawo da abin da yake ci maka. Doguwar sanda tana lanƙwasa ta shanye fizgar kifi, shi ya sa siririn zare ba ya saurin tsinkewa a kanta. Amma tana gajiyar da wuyan hannu, kamar ɗaga guga a bakin doguwar sanda: nauyin bai ƙaru ba, sai dai hannu ya ji a jikinsa. Gajeriya ba ta da wannan wahala, kuma ko ɗan taɓa ƙugiya kifi ya yi za ka ji, sai dai ba ta kai nesa, kuma in babba ya fizga, zaren ne ke shan wuya.

A kuma kiyaye da damina. Sandunan zamani na kabon suna ɗaukar lantarki, jiƙaƙƙiyar gora ma haka. In hadari ya taso ana walƙiya, a kwantar da sanda a bar bakin ruwa, kuma kada a jefa ƙarƙashin wayar wuta.

Don haka kafin ka sare gora ko ka zaro kuɗi a kanti, je ka bakin ruwan tukuna. Dubi abin da ke bisa kanka da bayanka, ka kimanta nisan inda kifi ke wasa, sannan ka zaɓi tsawo.