James Brown: Mawaƙin da Ya Mai da Kowane Kayan Kiɗa Ganga

Tsohuwar hanyar Legas zuwa Kaduna, wadda ta biyo ta Jebba da Mokwa da Tegina, sai ta ratsa dazukan Birnin Gwari kafin ta kai gari. Ba goro da haja kaɗai ta yi dako ba. Faya-fayan garmaho da kaset-kaset na kiɗan zamani ma sun hau Arewa ta wannan titi, kuma a kiɗan wancan zamani babu sunan da ya yi amo kamar na James Brown.

An haife shi a 1933 a jihar Karolina ta Kudu da ke Amurka, cikin talauci na gaske. Ya goge takalma, ya tsinci auduga, ya shiga gidan yari yana ɗan shekara 16. A 1956 waƙarsa ta fara karɓuwa, da salon soul mai kama da roƙo da kuka.

Amma abin da ya sa ake tunawa da shi ya soma ne a 1965, da "Papa's Got a Brand New Bag". Ya ɗauki nauyin kiɗan ya aza shi kan bugun farko, sannan ya hana jita da masu busa yawon neman zaƙi. Kowa ya riƙe ɗan guntun sautinsa, ya yi ta maimaitawa kamar mai kuntukuru a bayan babban makaɗi. Shi ne ake kira funk. A "Cold Sweat" ta 1967, wadda Clyde Stubblefield ya buga wa ganga, salon ya nuna sarai, kuma ita ce gwanar waƙoƙinsa, ko da wasu sun fi ta suna.

Kunnen da ya tashi da kalangu ba ya neman tafinta a nan. Brown yakan jefa gajeriyar magana, abokin waƙarsa Bobby Byrd ya amsa, kiɗa ya cike gurbin, kamar yadda Mamman Shata ya riƙa yi da 'yan amshinsa. Ko ihunsa ma bugu ne, a kan ƙa'ida yake faɗowa. Bai yarda da sakaci ba: makaɗin da ya kuskure sai ya ci shi tara.

A Disambar 1970, ƙasa da shekara guda bayan yaƙin basasa, ya zo Najeriya. Makaɗansa sun je kallon Fela Kuti a Legas, suka fito suna jinjina masa. A 1974 Brown ya yi wasa a Kinshasa.

Ya rasu a Atlanta ranar 25 ga Disamba, 2006, yana da shekara 73. Mai karatu da bai taɓa jin sa ba ya fara da "Cold Sweat", ya bar Turancin, ya bi gangar.