Kine, Mai Raka Wuya Gida Bayan Tiyata

A ƙasar Adar, daga Tawa zuwa Afala, Barmu da Takanamat, wuya ba ya samun hutu. Yarinya tun tana 'yar mitsitsiya take koyon naɗa gammo, ta girma tana jidar ruwa da itace a ka. Jarka mai cin lita 25 nauyinta kilo 25 ne, a bisa kan da shi ma ya kai kusan kilo biyar. Samarin da ke tafiya cin rani Abijan ko Legas, da yawansu da dako suke farawa. Ga kabu-kabu a kan hanyar da ba kwalta. Duk wannan yana sauka ne kan ƙasusuwa bakwai da ke jere daga ƙeya zuwa kafaɗa, galibinsu da faifan guringuntsi a tsakaninsu, laka ta ratsa ta tsakiya, jijiyoyi takwas-takwas suna fita dama da hagu su gangara hannuwa.

Idan faifai ya fashe ya zamo, ko tsufa ya sa ƙashi ya yi tsiro, sai ƙofar da jijiya ke fita ta matse. Mai ciwon ba kasafai yake cewa wuya ba. Hannu zai nuna maka: zafi kamar wuta daga kafaɗa zuwa yatsu, minjirya da ba ta wucewa, kofin shayi yana suɓucewa. Yawancin masu wannan ciwo suna samun sauƙi cikin 'yan watanni da magani da motsa jiki, ba tare da wuƙa ba. Waɗanda hannunsu ke ƙara mutuwa, ko waɗanda lakar kanta ce ta matsu har ɓalla maɓallin riga ya gagare su, tafiya ta koma tangaɗi, su ne ake turawa tiyata. Mutumin Afala zai fara da likitar gari, ya wuce babban asibitin Tawa ko na Galmi, daga nan a ba shi takarda zuwa Yamai, tafiyar da ta haura kilomita 500, ko kuma ya tsallaka ta Ƙonni da Illela zuwa asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato, inda akwai cibiyar tiyatar ƙwaƙwalwa da laka.

Aikin da aka fi yi ya samo asali a Amurka cikin shekarun 1950, a hannun likitoci Robinson da Smith, da kuma Cloward. Ana tsaga gaban wuya, a kauce wa maƙogwaro, a cire faifan da ya lalace, a cusa guntun ƙashi ko wani ɗan keji a gurbinsa, wani lokaci a ɗaure da ƙarfe da kusoshi. Cikin 'yan sa'o'i an gama. Amma kafin ƙasusuwan biyu su haɗe su zama ɗaya sai an yi wata uku zuwa shida, wani har shekara. Waɗannan watanni su ne gonar kine, wanda 'yan Najeriya ke kira fisiyo ko likitan gashi.

Sana'ar ba tsohuwa ba ce can-can. Yaƙe-yaƙen duniya da annobar shan inna ne suka raine ta a Turai, kuma a 1946 Faransa ta kafa mata takardar shaida ta gwamnati, tsarin da ƙasashen da ta yi wa mulkin mallaka suka gada. Mai koyonta yana shafe shekaru yana haddar jiki tsoka bayan tsoka, jijiya bayan jijiya. Shi ya sa idan majinyaci ya zauna gabansa, kafin ya ɗaga hoton wuyan ya duba a haske sai ya ce, "Baba, wane yatsa ne ba ka ji?" Babban yatsa da manuni suna nuna jijiya ta shida, na tsakiya ta bakwai, ƙaramin kuma ta takwas. Sai ya ce a matse masa hannu, a ture shi da gwiwar hannu, a yi tafiya zuwa ƙofa a dawo yana kallon sawu. Abin da ya gani ranar nan shi zai rubuta, da shi zai auna duk wani ci gaba.

Kayan aikinsa ba su da yawa: gado mai tauri, igiyar roba, ƙwallon matsawa, madubi, ma'aunin kusurwa, wani wuri da fitilar gashi da na'urar da ke tsikarar fata da ƙaramar wutar lantarki. Jama'a sun fi ƙaunar fitilar da na'urar, don su ne suka yi kama da magani. A ganina nan ne ake gane gwani da ɗan koyo. Kinen da ya kwantar da mutum rabin sa'a ƙarƙashin fitila, ya mulmula masa kafaɗa ya sallame shi, ya faranta masa rai na yini ɗaya. Gwanin kuwa yana tayar da shi tsaye ya sa shi gumi, ko da za a ce masa ba ya da tausayi.

A makonnin farko aikin kiyayewa ne. Kine yana koya wa majinyaci tashi daga kwance: ya mirgina gefe kai da kafaɗa da ƙugu tare, ya sauke ƙafafu, ya dafa ya miƙe. Wanda ya saba kwana a tabarma, a nemo masa gado ko a ɗaga shimfiɗar, matashi kuma kar ya yi tudu. Idan likitan tiyata ya ce a sa kwalar wuya, kine ne zai daidaita ta, ya nuna yadda za a share gumi a ƙarƙashinta, abin da ba wasa ba ne a zafin bazarar Tawa. Haɗiya takan yi wuya kwanakin farko, murya ta dushe, saboda an ja maƙogwaro gefe lokacin aiki. Kunu da fura mai ruwa-ruwa sun wadatar har abin ya saki. Babban motsa jikin wannan lokaci tafiya ce kawai, kaɗan-kaɗan, safe da maraice.

Sannan tambayar da kowa ke yi, wani tun kafin ya tambayi abinci: salla fa? Kinen da ya san mutanensa ba ya jira a tambaye shi. Zai ce a yi ta a zaune a kan kujera da ishara, kamar yadda malamai suka yi wa mara lafiya rangwame, kar a kai goshi ƙasa sai likita ya yi izini, a wajen sallama kuma a juya da ƙirji gaba ɗaya. Daga baya sallamar ce ke zame masa ma'auni. Ranar da dattijo ya iya waiwayawa dama ba tare da ya ɗauko kafaɗa ba, an san an yi nisa. Haɗe ƙashi biyu yana rage sunkuyo kaɗan, amma kusan rabin waiwayen mutum daga ƙasusuwa biyu na can sama yake fitowa, waɗanda galibi ba a taɓa su.

Idan an kai wajen mako shida kuma hoto ya nuna ƙashi ya fara kamawa, sai a shiga aiki sosai. A ja haɓa baya a hankali don tayar da ƙananan tsokokin gaban wuya. A dafa goshi da tafin hannu a tura ba tare da kai ya motsa ba. A matse allunan kafaɗa, a ja igiyar roba. A miƙe hannu a lanƙwasa wuyan hannu don jijiya ta riƙa zamewa cikin hanyarta. Ga yatsu kuma, tsintar wake ɗaya-ɗaya, jan carbi, ɗaure mazagi. Kine yakan faɗa tun farko cewa zafin hannu ne ke fara tafiya, ƙarfi ya biyo baya, minjirya ita ce ta ƙarshe, wani ma ba ta barinsa ɗungurungum. Wanda lakarsa ta daɗe a matse, tiyata ta tsayar masa da ɓarna ne, ba lalle ta mayar da duk abin da ya rasa ba. Faɗin wannan gaskiya ɓangare ne na sana'ar, domin wanda aka yi wa alkawarin warkewa cikin wata guda, a wata na biyu za ka same shi a wajen wani.

Wannan wanin kuwa maɗori ne ko wanzami. Ba na cikin masu raina su. Ƙauyukan Adar sun daɗe suna dogara da su, kuma akwai karayar da suka san kanta. Amma wuyan da ke da ƙarfe da kusoshi a ciki ba wurin ja ba ne, ba wurin murɗawa ba ne, kuma ƙaho ko sakiya kusa da ɗinki ƙofar ƙwayar cuta ce. Haka taba: sigari ko ta gari da ake cusawa a kunci, sinadarin nikotin da ke cikinta yana hana ƙashi haɗewa. Kine yana maimaita wannan har a gaji da shi.

Mafi wuyar aikinsa ba a ɗakin gashi yake ba. Shi a birni yake, majinyaci a ƙauye, kuɗin mota da masauki sun riga sun ƙare a Yamai, wataƙila an sayar da tumaki. Zuwa sau uku a mako ba zai yiwu ba. Don haka kine mai hankali yakan kira ɗan rakiya ciki, ɗa ko ƙane ko kishiya, ya koya masa kamar ɗalibi, ya zana motsin a takarda, ko ya sa a ɗauke shi bidiyo a waya yana yi. Sai kuma ciniki da gidan kacokan. "Inna, wa zai yi miki daka? Wa zai ja guga?" Idan ba a amsa wannan ba, mako biyu da komawarta taɓarya tana hannunta, domin kunya ba za ta bar ta ta zauna tana kallon turmi ba. Yakan roƙi maigida ya samo amalanke ko jaki don ruwa, ya raba jarka ɗaya gida biyu a riƙe a hannu idan lokacin ɗaukar kaya ya yi, ya hana hawa babur sai an ba da izini. Manomin da aka yi wa aiki dab da damina, a ce masa bana hauya ta yara ce.

Kafin su kama hanyar Afala yakan sa ɗan rakiyar ya maimaita alamun da ba a kwana da su a gida: zazzaɓi, ɗinki yana ruwa ko wuya yana kumbura, numfashi ko haɗiya suna ƙara tsanani, hannu ko ƙafa sun yi sabuwar mutuwa, fitsari ya tsaya ko yana zuba ba sani. Ko ɗaya daga ciki ya bayyana, a nemi mota a taho Tawa ko da tsakar dare ne. Idan babu, sai ranar da ya rubuta a bayan takardar, wadda yakan daidaita da Lahadi, ranar kasuwar Tawa da motocin ƙauye ke shigowa, a kwana a gari a gan shi Litinin da safe.