Tashar Zungeru da Hanyar Gwanja

Daga Salaga zuwa Yendi, daga Yendi har Bawku, babu wanda ya taɓa jin kukan jirgin ƙasa daga ƙofar gidansa. Layin dogo da ya taso daga Sekondi ya isa Kumasi a 1903, kuma shirin miƙa shi arewa da aka yi a zamanin Gwamna Guggisberg bai wuce takarda ba. Duk da haka, mai karatu, akwai wata ƙaramar tasha a jihar Neja ta Nijeriya wadda tarihinta ya shafi kowane gida na zango a wannan yanki namu. Ita ce tashar Zungeru.

Zungeru tana bakin kogin Kaduna, kusa da Wushishi. A 1902 Gwamna Lugga ya ɗauke mazaunin mulkin Arewacin Nijeriya daga Jebba ya kawo shi nan. Da yake jiragen ruwa ba sa iya kaiwa garin a kowane lokaci na shekara, sai Turawa suka shimfiɗa ɗan siririn layi daga Zungeru zuwa Wushishi, daga baya suka ƙara shi har Barijuko, inda ake sauke kaya daga ruwa. Wannan shi ne layin dogo na farko a duk ƙasar Arewa. Ɗan kan jirgin da ya ja taragunsa an adana shi a Minna don tarihi.

Babban aiki ya biyo baya. Tsakanin 1907 da 1911 aka gina layi daga Baro, a bakin Kwara, ya bi ta Minna da Zariya har Kano. Talakawa ne suka yi shi da hannunsu, sarakuna na tara su ƙauye-ƙauye bisa umarnin Turawa, abin da tsofaffi ke kira aikin diga. Shi kuma layin da ya taso daga Ikko ya wuce Jebba, ya ratsa Zungeru, ya haɗu da wancan a Minna. A 1912 hanya ta buɗe daga bakin teku har Kano, ko da yake kafin a gama gadar Jebba sai an haye da taragu a kan jirgin fito.

Aikin tasha irin wannan ya wuce sayar da tikiti. A nan kan jirgi yake shan ruwa, domin da tururi yake tafiya. A nan ake auna kaya a rubuta su a ba mai su takarda. Ta nan wasiƙa da tangaraho suke shiga gari. Taragun da suka nufi kudu suna ɗauke da gyaɗa da auduga da fatu da shanu, waɗanda suka nufo arewa kuwa da gishiri da yadi da kananzir da goro. Da jirgi ya tsaya sai kasuwa ta ci a gefen layi, masu tuwo da masu kifi da masu rake kowa na miƙa nasa ta taga. Akawuna da masu sana'a suka zo daga kudu suka zauna, shi ya sa a Zungeru aka haifi Nnamdi Azikiwe a 1904, wanda ya zama shugaban Nijeriya na farko.

A cikin kayan nan duka, goro shi ne ya haɗa tashar da mu. Kafin zuwan jirgi, yawancin goron da ake ci a Kano da Katsina da Sakkwato a kan jaki yake zuwa daga Gwanja. Madugu ya haɗa ayari, su bi ta Yawuri su haye Kwara, su ratsa Borgu ta Nikki da Jugu, su faɗo Sansanin Mango da Yendi, sannan Salaga. Wasu kuma su biyo ta ƙasar Gurma su sauko ta wajen Bawku. Tafiya ce ta watanni, ga 'yan fashi, ga kuɗin fito a kowane kogi. Zangunan da muke zaune a cikinsu yau masaukan waɗannan fatake ne, kuma da yawa daga cikin malamanmu na farko tare da ayari suka iso.

Kasuwar Salaga, wadda aka yi cinikin goro da dabbobi har da bayi a cikinta, ta fara raunana tun 1874, lokacin da Ingilishi suka ci Kumasi, Asante suka karkatar da goro zuwa wasu kasuwanni. Yaƙin basasa na 1892 ya watsa 'yan kasuwarta zuwa Kete Krachi da Yeji da Kintampo. Abin da ya hana ta komawa yadda take shi ne sabuwar hanya: a ɗora huhun goro a jirgin ƙasa daga Kumasi zuwa Sekondi, a sa shi a jirgin ruwa zuwa Ikko, sannan ya bi ta Jebba da Zungeru ya isa Kano cikin 'yan kwanaki, bai bushe ba. Alhassan Ɗantata, mutumin Bebeji da ya yi fatauci tsakanin Gwanja da Kumasi da Ankara, yana cikin waɗanda suka fara gane haka. Ya bi hanyar teku da goronsa, daga baya ya koma Kano ya shiga sayen gyaɗa, har ya zama attajirin da babu kamarsa kafin rasuwarsa a 1955. Waɗanda suka tsaya jiran ayari kuwa suka yi ta jira.

Ita ma Zungeru ba ta daɗe tana cin moriyar ba. Lokacin da aka haɗe Kudu da Arewa a 1914 ita ce hedkwatar Arewa, amma zuwa 1917 an mayar da mulki Kaduna, inda layin ya fi dacewa da Turawa. Ofisoshi suka zama kango. Hatta gadar ƙafa ta Lugga an kwance ta a 1954 aka kai ta Kaduna. Tashar ta ci gaba da aiki a ƙarƙashin hukumar jiragen ƙasa ta Nijeriya, wadda aka kafa a 1955, har manyan motoci suka ƙwace dakon kaya, layin ya lalace saboda rashin gyara. A ƙarshen 2012 an farfaɗo da jirgin Legas zuwa Kano, sai dai tun daga nan yakan yi aiki ya tsaya. Sunan garin ya sake fitowa ne saboda madatsar ruwa mai ba da megawat 700 na lantarki da aka gina a kan kogin Kaduna.

Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. A 2024 gwamnatin Ghana ta ƙaddamar da layin Tema zuwa Mpakadan, kuma tsarin da aka zana na kai shi Burkina Faso ya bi ta Bimbilla da Yendi da Tamale. Idan Allah ya nufa ya iso, inda aka aza tasha nan kasuwa za ta koma, kuma filayen da ke kusa za su yi tsada. Ya kamata sarakunan zango da 'yan kasuwarmu su nemi sanin inda layin zai bi tun yanzu, iyalai su yi wa filayensu takarda, matasa kuma su koyi gyaran inji da aikin lantarki da lissafin kaya, waɗanda tasha ke ɗaukar mutane dominsu. Tsofaffin da suka ji labarin ayari daga bakin kakanninsu suna nan a cikinmu, a zauna da su a rubuta abin da suka sani kafin su tafi.