Gasa da Sa Ido a Harkar Tarho: Misalin Jamhuriyar Nijar

1. Gabatarwa

Wannan takarda za ta yi bayani ne a kan yadda Nijar ta buɗe harkar tarho ga ƴan kasuwa, da kuma dalilin da ya sa gasa ita kaɗai ba ta iya kai layi ga kowa, sai an samu hukuma mai sa ido.

2. Daga kamfani ɗaya zuwa huɗu

Har zuwa ƙarshen shekarun 1990, kamfanin gwamnati na Sonitel ne kaɗai ke ba da layin tarho, kuma galibin layukan na waya ne da ake ja zuwa gida ko ofis a Yamai da manyan garuruwa. A shekara ta 1999 aka yi dokar da ta ba kamfanoni masu zaman kansu damar shiga harkar. Celtel ya fara aikin salula a 2001, sannan SahelCom da Telecel suka biyo baya, Orange kuma ya shigo a 2008. Sunayen sun yi ta sauyawa: Celtel ya koma Zain a 2008, ya koma Airtel a 2010, Telecel ya zama Moov, an haɗe Sonitel da SahelCom a 2016 suka zama Niger Telecom, a 2019 kuma aka sayar da Orange, daga baya ya ɗauki sunan Zamani.

3. Aikin hukumar sa ido

Inda duk ake gasa, dole a samu alƙali. Don haka ne aka kafa hukumar ARM a 1999, ARTP ta gaje ta a 2012, sannan ARCEP a 2018. Daga cikin ayyukanta akwai raba wa kamfanoni igiyoyin rediyo da lambobi, da binciken ingancin kira, da daidaita haɗin layuka.

Haɗin layuka shi ne ginshiƙin gasar. Misali, idan mai layin Airtel a Maraɗi ya kira mai layin Moov a Tawa, kamfanin farko zai biya na biyu kuɗin karɓar kiran. Da za a bar babban kamfani ya yanke wannan kuɗi yadda ya ga dama, sai ya tsauwala, kiran layinsa daga waje ya yi tsada. Daga nan kowa sai ya koma inda jama'a suka fi yawa, ƙaramin kamfani ya durƙushe. Shi ya sa hukuma ke sa baki a kan farashin. Bambancin kuɗi tsakanin kira cikin layi ɗaya da kira zuwa wani layi na cikin dalilan da suka sa mutane riƙe layi biyu ko uku.

4. Inda gasa ba ta kaiwa

Amfanin layi ga talaka ba ɓoyayye ba ne. Masaniyar tattalin arziki Jenny Aker ta nazarci kasuwannin hatsi na Nijar daga 2001 zuwa 2006, ta gano cewa zuwan salula ya rage bambancin farashi tsakanin kasuwanni da kashi 10 zuwa 16 cikin ɗari. Dalili kuwa, ɗan kasuwa yana jin farashi kafin ya ɗora buhu a mota.

Sai dai faɗin ƙasar ya kai murabba'in kilomita 1,267,000, kuma mafi yawanta hamada ce. Kafa eriya a ƙauye mai nisa na buƙatar injin wuta ko farantin hasken rana, da mai gadi, alhali masu kira kaɗan ne. Kamfani kuwa riba yake nema. Saboda haka aka tanadi asusu na musamman da kamfanoni ke zuba wani kaso na cinikinsu a ciki, domin a kai layi inda kasuwa ba za ta kai shi da kanta ba.

5. Kammalawa

A taƙaice, gasa tana sauke farashi inda jama'a suka taru, amma makiyayi da manomin da ke nesa da titi sun dogara ne ga ƙarfin doka da yadda ake sarrafa wannan asusu. Don haka ba yawan kamfanoni ne ma'aunin nasara ba; ma'aunin shi ne yawan ƙauyukan da mutum zai iya kira ba tare da ya hau tudu neman rezo ba.