Harajin Taba Sigari: Ina Ya Kamata Kuɗin Su Nufa?

An daɗe ana muhawara a kan ƙara harajin taba sigari, amma ba a cika tsayawa a kan inda kuɗin za su nufa bayan an tara su ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce taba tana kashe mutum fiye da miliyan 7 kowace shekara, kuma ta ba da shawarar haraji ya kai kashi 75 cikin 100 na farashin kwalin sigari. Dalili kuwa shi ne, in farashi ya tashi da kashi 10 cikin 100, shan taba yakan ragu da wajen kashi 5 a ƙasashe masu tasowa, musamman a tsakanin samari da masu ƙaramin ƙarfi.

Ƙasar Filifin da ke Asiya ta gwada wannan hanya. A watan Disamba na 2012 Shugaba Benigno Aquino ya sa hannu a kan dokar ƙara harajin taba da giya, dokar kuma ta tanadi cewa mafi yawan ƙarin kuɗin da aka samu a kashe su wajen biya wa talakawa inshorar lafiya da gyara asibitoci, wani kaso kuma ya tafi lardunan manoman taba. Daga 2012 zuwa 2016 kasafin ma'aikatar lafiyarsu ya kusa ninkawa sau uku, masu amfani da taba kuma suka ragu daga kashi 29.7 cikin 100 na manya a 2009 zuwa kashi 23.8 a 2015. Amma duk da haka, a kasafin 2025 majalisarsu ba ta ba hukumar inshorar lafiyar ƙasar tallafin ko sisi ba, watau ko da doka, sai jama'a sun sa ido.

Mu ma a nan Nijeriya an ƙara harajin. A 2018 gwamnatin tarayya ta aza naira 1 a kan kowane karan sigari, ban da kashi 20 cikin 100 da ake karɓa a kan darajar kayan. A 2022 aka mai da shi kashi 30, da naira 4.20 a kan kara, watau naira 84 a kan kwali. Faɗuwar darajar naira tun 2023 ta rage wa wannan haraji kaifi, sa'an nan kuma bisa tsarin mulki irin waɗannan kuɗi asusun tarayya suke shiga, a raba su tsakanin gwamnatoci. Mai fama da ciwon daji ko ciwon zuciya kuwa, galibi daga aljihunsa yake biyan kuɗin magani, domin Nijeriya ba ta taɓa cika alkawarin Abuja na 2001 na ware wa lafiya kashi 15 cikin 100 na kasafi ba.

Masu adawa sukan ce tsadar taba za ta ƙarfafa fasa-ƙwauri. Wannan aikin jami'an kwastan ne, ba dalilin barin taba da araha ba. Abin da ya rage wa Majalisar Tarayya shi ne ta riƙa daidaita harajin da tsadar kaya kowace shekara, ta kuma sa a doka cewa za a zuba adadin da ya yi daidai da shi cikin asusun kula da lafiya a matakin farko, wanda dokar 2014 ta kafa. In mutane suka ga magani a asibitin ƙauyensu, ba wanda zai yi ƙorafin tsadar sigari.