Na'urorin Alƙalanci A Wasan Kurket: Kuɗin Talabijin Ne Ke Ɗauke Da Su

Masu zuwa gidajen kallon ƙwallo a unguwannin Maiduguri irin su Dusuman sun saba ganin na'ura tana tabbatar da ko ƙwallo ta tsallake layin raga a gasar Firimiya ta Ingila. Sai dai kaɗan ne daga cikinsu suka san cewa kamfanin Hawk-Eye, wanda ke gudanar da wannan aiki tun 2013, a wasan kurket ya fara cin kasuwarsa.

Shi kurket wasa ne na mai jifa da mai bugu. Mai jifa yana neman ya kayar da turaku uku da aka kafa a bayan mai bugu, shi kuwa mai bugu yana kare su da katako, yana tara maki. Da yake ƙwallon kan yi gudun da ya haura kilomita 140 a awa, sau da yawa idon alƙalin wasa ba ya iya tantance abin da ya faru.

A 1992 ne aka fara amfani da alƙali na uku mai duba hoton talabijin, a karawar Afirka ta Kudu da Indiya a birnin Durban, kuma Sachin Tendulkar ne ɗan wasa na farko da aka fitar ta wannan hanya. A 2001 gidan talabijin na Channel 4 a Birtaniya ya fito da Hawk-Eye, wanda Dokta Paul Hawkins ya ƙirƙiro. Kyamarori aƙalla 6 ne ke bin ƙwallon daga sassan fili, kwamfuta kuma ta lissafa inda za ta dosa da a ce ƙafar mai bugu ba ta tare ta ba. Akwai kuma na'urar Snickometer mai jin ƙarar gogar ƙwallo da katako, da Hot Spot wadda aka fara gwadawa a Ostireliya a 2006, mai nuna ɗumin da gogar ta bari.

Abin lura a nan shi ne, gidajen talabijin ne suka kawo yawancin waɗannan na'urori domin su riƙe 'yan kallo da masu talla. Daga baya ne hukumar kurket ta duniya, wato ICC, ta tattara su cikin tsarin ɗaukaka ƙara da ake kira DRS, wanda aka gwada a 2008, aka ƙaddamar a 2009. Indiya ta yi ta ƙin amincewa da shi har zuwa 2016. Ita ma sana'ar ta bunƙasa, domin a 2011 kamfanin Sony na Japan ya saye Hawk-Eye.

Girman kasuwar ya fito fili a 2022, lokacin da aka sayar da izinin nuna gasar IPL ta Indiya na shekara 5 a kan kuɗi sama da dala biliyan 6. Inda ake da irin wannan ciniki, hayar kyamarori da injiniyoyi ba ta da wuya. Inda babu shi kuwa, alƙali da idonsa kawai ake dogaro.

A nan ne batun ya shafi Najeriya. Wasan ba baƙo ba ne a Arewa, domin ɗaliban Kwalejin Katsina, wadda ta zama Kwalejin Barewa ta Zariya, sun buga shi tun zamanin Turawa. Najeriya ta shiga ICC da sunanta a 2002. Matasanta maza 'yan ƙasa da shekara 19 sun je gasar cin kofin duniya a 2020, sannan a watan Janairun 2025 takwarorinsu mata suka doke New Zealand da maki 2 kacal a Malesiya. Duk da haka, wasannin cikin gida ba su da kasuwar talabijin da za ta iya ɗaukar nauyin manyan na'urori.

Amma ba duk fasaha ce ke buƙatar miliyoyin daloli ba. A yau wayar hannu tana iya rubuta sakamakon kowane jifa, ta adana tarihin ɗan wasa, ta ɗauki bidiyon da mai koyarwa zai gyara masa kuskure da shi. Tun 2021 kuma ICC ke yaɗa wasannin share fage na ƙananan ƙasashe ta intanet. Ɗan wasan da ke da alƙaluma da bidiyo yana da abin nuna wa masu zaɓe, ƙungiyar da ake kallonta kuma tana da abin sayar wa masu talla.

Kurket zai koma gasar Olamfik a birnin Los Angeles na Amurka a 2028, karo na farko tun 1900. Jihohin Arewa da ke son yaransu su shiga sahu, da fili da katako da waya za su fara. Manyan kyamarori kuwa sai 'yan kallo sun taru tukuna.