Tsofaffin Kekunan Kakuri: Kafin ’Yan Bola Jari Su Gama Awo

A watannin baya, lokacin da muke kwashe kayan ɗakin marigayi mahaifinmu a Makera, Allah Ya jiƙansa, sai muka tarar da kekensa jingine a bayan buhuna, tayoyin sun bushe sun tsattsage, kaca ta daskare, gizo-gizo ya yi saƙa tsakanin wayoyin ƙafafun. Kafin a jima ƙanena ya kira wani yaro ɗan bola jari da ke wucewa da amalanke, yaron ya fito da sikelinsa zai rataya keken ya auna. Ba ni da wani shiri a zuciya, amma ganin za a sayar da abin hawan da ya ciyar da mu shekara ashirin da ’yan kai a kan farashin kilo, kamar tsohuwar tukunya, sai na ji ba zan iya ba. Na ba yaron haƙuri, na tura keken zuwa gida a kan ƙarfen ƙafafunsa, jama’a na kallona.

Mai karatu da bai san Kaduna ta kudancin kogi a zamanin masaƙu ba zai yi mamakin yadda za a damu da tsohon keke har haka. A 1957 aka buɗe masaƙar Kaduna Textiles a Kakuri, bisa haɗin gwiwar gwamnatin Jihar Arewa ta Sardauna Ahmadu Bello da kamfanin David Whitehead na Ingila. Nortex da United Nigerian Textiles da Arewa Textiles suka biyo baya cikin shekarun 1960, ga masana’antar ƙera makaman soja da aka kafa a 1964, sannan a 1975 Peugeot ya fara harhaɗa motoci a unguwar. Dubban ma’aikatan waɗannan wurare ba a mota suke zuwa aiki ba. Duk wanda ya taɓa tsayawa bakin titin Kakuri lokacin canjin aiki zai tuna yadda kekuna ke kwararowa daga ƙofofin masaƙu, wasu su nufi Nasarawa da Tirkaniya, wasu Barnawa da Television, wasu kuma su haura gada zuwa Tudun Wada, ƙarar ƙararrawa ta cika ko’ina. Bahaushe da Bajju da Bayarabe da Tibi da Ibo, kowa bisa baƙin dokin ƙarfensa, da kwanon abinci ɗaure a kariya.

A wancan lokaci keke dukiya ce. Ma’aikaci kan karɓi bashin keke a riƙa cirewa daga albashinsa, ya yanki lasin shekara-shekara a ɗaura masa ’yar lamba, ranar Lahadi kuma ya zauna da tsumma da kananzir yana goge shi waya bayan waya. Sarkin kekunan shi ne Raleigh, mai tambarin zalɓe a goshi, wanda asalinsa birnin Nottingham ne na Ingila, tun ƙarshen shekarun 1880, kuma daga baya kamfanin ya kafa masana’anta a Kano. Dattawa har yau suna tuna tallarsa, inda aka zana wani mutum bisa keke yana murmushi zaki na bin sa bai cim masa ba. Akwai kuma Hercules da Rudge da Humber da Phillips, waɗanda a ƙarshe duk suka koma ƙarƙashin inuwa ɗaya da Raleigh. Daga baya ne Phoenix na ƙasar Sin da Hero da Avon na Indiya suka shigo da sauƙin kuɗi.

Abin da ya fara rage darajar keke shi ne ƙarin albashin Udoji na 1974, da ya sa duk wanda ya sami ’yan kuɗi ya koma babur. Sai masaƙun kansu suka shiga halin ni-’yasu bayan shirin tsuke bakin aljihu na 1986, ga matsalar wuta, ga atamfar fasa-ƙwauri. Kaduna Textiles ta rufe a 2002, ta bar ma’aikatanta suna bin haƙƙinsu shekara da shekaru, da yawa suka rasu ba su karɓa ba. Wani abin lura shi ne a wannan shekara ta 2002 ne Raleigh ma ya daina ƙera keke a Nottingham. Wato masaƙar da keken ma’aikacinta sun yi sallama da duniyar da ta haife su a shekara guda. Rikicin 2000 da na 2002 kuma suka raba garin, iyalai da dama suka yi ƙaura daga wannan gefen kogi zuwa wancan cikin gaggawa, kuma mai gudun ceton rai ba ya waiwayar tsohon keke.

A Turai da Amurka da Japan, farfaɗo da tsofaffin kekuna sha’awa ce mai zaman kanta, wadda likitoci da injiniyoyi da malaman jami’a ke ɓata lokacin hutunsu a kai. A garin Gaiole na yankin Chianti a Italiya, tun 1997 ake gudanar da wani taron hawan keke mai suna L’Eroica, inda ƙa’ida ita ce a zo da keken tsere na ƙarfe irin wanda aka ƙera daga 1987 zuwa baya. Mutane kan tashi daga ƙasashe masu nisa domin su hau tsohon keke a kan hanyar burji. Mu a nan ba mu da wannan al’ada, kuma ba ina kira ba ne mu kwaikwayi Turawa don kawai sun yi. Abin da na gano cikin watannin da na yi ina fama da keken mahaifina shi ne, ilimin da su suke nema a littattafai, mu muna da shi zaune a gindin bishiya, ya tsufa, kuma babu mai tambayarsa.

Wani dattijo ne mai gyaran keke, wanda ya ce tun yana yaro yake faci a bakin ƙofar masaƙa, ya zama malamina. Ranar da na kai masa keken na ce a sauya duk abin da ya lalace a fesa sabon fenti, sai ya dube ni ya ce, “Yaro, gyara kake so ko kwalliya?” Na ce, “Baba, ai duk ɗaya ne.” Ya girgiza kai, ya miƙo mini gwangwanin kananzir ya ce in jiƙa kowane noti in dawo bayan kwana uku, kada in kuskura in sa ƙarfi a kan komai.

Hikimar wannan umarni sai daga baya na fahimce ta. Tsofaffin kekunan Raleigh na Nottingham suna da irin nasu zaren noti, zare 26 a kowane inci, alhali yawancin sauran kekuna 24 ne a wuraren da suka fi muhimmanci, wato mazaunin sandar feda da wuyan keke. Idan bakanike marar sani ya tursasa sabon kaya na kasuwa a wannan gurbi, zaren ya cinye, kuma gangar jikin keken ta tashi aiki ke nan. Dattijon bai san lissafin inci ba, amma da yatsa yake gane wanda zai shiga da wanda ba zai shiga ba, kuma yana da wata tsohuwar akwatin ƙarfe cike da notuna da kofunan boris da ya tsinto daga matattun kekuna cikin shekaru. Haka ma ’yar turakar ƙarfen nan da ke riƙe hannun feda: idan aka buge ta da guduma ba tare da an tokare ƙasanta ba, sai ta lanƙwashe, boris ɗin ciki kuma su farfashe. Mun ƙirga ƙwayoyin boris goma sha ɗaya a kowane gefe, muka wanke su, muka mayar cikin sabon giris, sandar ta riƙa juyawa shiru kamar jiya aka ƙera ta.

Aikin ƙafafun ne ya fi cin lokaci. Irin waɗannan kekuna ƙafarsu inci 28 ce, kuma a tsarin Ingila na da, waya 32 ake sa wa ta gaba, 40 ta baya, saboda baya ke ɗaukar nauyin mahayi da buhun masara. Birkinsu na sandar ƙarfe ne, yana kama cikin da’irar ƙafar, saboda haka idan ƙafar ba ta daidaita sosai ba, birkin zai riƙa kamawa yana saki. Na zauna kwana biyu ina kallon dattijon yana ɗaure wannan waya, yana sassauta waccan, yana kaɗa su da farce yana sauraron sautinsu kamar mai gyara garaya. Yaran da ke koyon aiki a kusa da shi duk sun koma gyaran babur da Keke Napep, don can kuɗi yake, kuma ban ga laifinsu ba.

Inda muka yi gardama da abokaina shi ne batun fenti. Yawancinsu suna ganin ba a gama gyara ba sai an kankare keken da sanfefa an fesa masa baƙi mai sheƙi. Ni ma da haka na ɗauka. Amma da muka wanke shi, sai ga siririn layin ruwan zinariya na asali ya bayyana, ga wurin da gwiwar wandon mahaifina ta goge fentin har ƙarfe ya fito, ga ’yar lambar lasin ta ƙarshe da ya yanka tana nan a maƙale. Masu wannan sha’awa a ƙasashen waje ma sun rabu biyu a kan haka, kuma a ganina masu cewa a bar fentin asali sun fi gaskiya, matuƙar tsatsa ba ta ci ƙarfen ba. Sabon fenti kowa na iya saya a Panteka. Tsatsar da ke kan sassa masu ƙyalli kuwa, ruwan lemun tsami da takardar alminiyon da aka dunƙule sun wadatar, ba sai an kai ga sanfefa ba. Sirdin fatar ne kaɗai ya gagara, ya bushe ya tsage, sai na kai ƙarfensa wurin wani baduku ya ɗora masa sabuwar fata mai kauri.

Ba kekunan ma’aikata kaɗai ke cikin wannan hali ba. Cikin kekunan gwanjo da ake shigowa da su daga Turai, a kan tarar da kekunan tsere na shekarun 1970 da 1980, masu lanƙwasasshen kai da siraran tayoyi, har da na Peugeot, domin kamfanin ya fara ƙera keke tun 1882, kafin ya fara mota. Wasu na ɗauke da ’yar takardar Reynolds 531 a jiki, wani nau’in bututun ƙarfe mai ƙarfi da rashin nauyi da aka fito da shi a Ingila a 1935, wanda zakarun tseren Faransa da dama suka hau. Na ga irinsu a jingine a ƙarshen layi, masu saye na tsallake su suna zaɓar masu launi da ƙyalli waɗanda ba za su shekara biyu ba. Wanda ya dace da mai giya uku a cikin cibiyar ƙafar baya, ƙirar Sturmey-Archer, ya goge jikinta da kyau, zai ga wata da shekarar da aka ƙera ta a buge.

Na san za a ce wannan wasan masu ƙoshi ne, a lokacin da jama’a ke neman abin sawa a baka. Amsata ita ce, tun da aka janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, keke ya sake zama maganar aljihu. A 2001, lokacin da Ministan Sufuri Ojo Maduekwe ya yi ta kiran ’yan Nijeriya su koma hawan keke, dariya aka yi masa, musamman bayan da wata mota ta ture shi cikin kwata a Abuja yana kan hanyar zuwa taron majalisar ministoci. Haɗarin da ya same shi ya nuna inda matsalar take, domin titunanmu ba a tsara su da mai keke a zuciya ba, kuma wanda ya taɓa bin hanyar Kachia da yamma tsakanin tankoki da manyan motoci ya san haka. Duk da haka ma’aikacin da ke zaune a Narayi ko Unguwar Romi yana aiki a Kakuri tafiyar ’yan kilomitoci ce gare shi, kuma tsohon keke da aka gyara da kyau ya fi sabon na kasuwa ƙarko nesa ba kusa ba.

Akwai kuma batun tarihi, wanda ya fi damuna. Gine-ginen masaƙun da aka rufe sun zama kufai, injinan wasu an kwance an sayar. Idan jikokinmu suka tambayi yadda ma’aikacin Kakuri ya rayu, me za mu nuna musu? Gidan Arewa, wato tsohon gidan Sardauna, yana adana takardu da kayayyakin manya, ga kuma gidan tarihi na ƙasa a cikin gari. Zai yi kyau a ce a ɗaya daga cikinsu an keɓe kusurwa ga keken masaƙi, da lambar lasinsa da kwanon abincinsa da katin shiga aikinsa. Sashen injiniya na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna ma ba zai yi asara ba idan ya tura ɗalibai su zauna da irin wannan dattijo, su rubuta abin da ya sani tun yana da sauran gani. Waɗanda kuma Allah Ya hore wa sarari cikin ’yan bokonmu, kafin a kira ɗan bola jari a duba bayan buhuna a gidajen iyaye.

Keken mahaifina ya ɗauke mu wata huɗu, saboda sai ranar Asabar nake samun zuwa. Ranar da muka gama, dattijon ya ƙi karɓar kuɗin aikin ƙafafun, ya ce in saya masa goro kawai. Ya hau da kansa ya zaga layin sau ɗaya, ya dawo ya ɗan sassauta birkin baya, sannan ya miƙa mini. Na bi ta gaban ƙofar masaƙar da mahaifina ya yi aiki, ciyawa ta rufe rabinta, wani mai gadi da ke zaune a kan benci ya tsayar da ni yana tambaya ko na sayarwa ne.